Jikan Mai Ɗori

Kakana mai ɗori ne a Aliero.
In an kawo masa yaro a amalanke, ƙafa na lilo,
ba ya fara taɓa ƙashin.
Sai ya tambayi sunan akuyarsu,
'ya'yanta nawa, wa ke ba ta dusa,
wace ta fi ta gudu a unguwa.
Yaro na tsakiyar lissafi,
ƙas! Kara ya hau, tsumma ya zagaya,
kuka ya iso a makare, ya tarar an watse.

Ni ban gaji hannunsa ba.
Farar riga gare ni, da aikin dare
a ɗakin gaggawa, Birnin Kebbi,
inda fanka ke wuni tana kwana
tana juya warin aidin.

Daren Laraba, ɗaya saura kwata,
aka shigo da Luba daga Ambursa,
shekara bakwai, kitso rabi a tsefe,
langa-langa ta tsarge mata sha-raɓa.
Ɗinki takwas, in ji Likita Maidamma.
Ta hango allura a faranti,
ta cije mayafin uwarta, ta sandare.
Allurar kashe zafi fata take kashewa,
tsoro kuwa ko a jikinsa.

Na jawo durowa.
Tabarau ne mai nauyi, kamar akwatin sabulu,
biyu muke da su, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya,
wannan ma da filasta aka ɗaure masa wuya.
Uwar ta tare ni: "Mi na na?
Kak ku ruhe mata ido."
Na ce, Inna, fara leƙawa da kanki.
Ta leƙa, ta yi baya da salati,
ta shafa zanenta, ta ji ko ya jiƙe.

Luba ta nutse.
Haƙori ya saki mayafi,
hannu ya tashi yana kamun abin da ba ma gani.
"Inna, ga kihi! Shuɗi na!
Wanga ya hi giwan ruwa girma!"
Ɗaya.
Na ce, ƙirga min su.
Biyu. Uku.
Ban ce ba ta ji ba.
Yatsun ƙafarta sun dunƙule duk sanda zare ya wuce,
amma bakinta na wurin kunkuru
da ya ƙi ba ta hanya.
Huɗu. Biyar.

A na shida ta yi tsit.
"An ɗauke wuta cikin ruwa."
Caji ya ƙare.
Likita ya dube ni, zare a hannu,
leɓenta na ƙasa ya fara rawa.

Ban san sanda tsohon ya shigo bakina ba.
Na ce, dare ne ya yi a gulbin,
kifaye sun kwanta, kada ki motsa su farka.
Kafin gari ya waye musu,
kuna da akuya a gida?
"Awo."
Sunanta?
"Kyalla."
'Ya'yanta nawa?
Bakwai.
"Biyu, guda ya mutu da damana."
Wa ke ba ta dusa?
Takwas. Almakashi ya ce ƙyas.

Da na cire mata, ta dubi bandeji,
ta dubi uwarta, ta dube ni,
sannan ta fashe da kuka mai dalili,
na ƙafa, da na ɗan akuya,
da na kunkurun da ba su yi sallama ba.
Muka bar ta ta yi abinta.

Asuba, injin ya tashi.
Na goge tabarau da auduga, na sa shi caji,
na rubuta a littafin aiki:
ɗinki takwas, biyar da kifi,
uku da Kyalla.